Bencin Mutum Uku

Gidan Yayata ya cika da benci har sai mutum ya karkace kafin ya shiga. Benci a tsakar gida, an ɗora wani kan wani sun kusa kamo igiyar shanya. Benci a falo, benci a bayan kicin, ɗakin baƙi ma bai tsira ba. Mijinta ya haƙura da shigo da babur ɗinsa, ya roƙi maƙwabta wurin ajiya. Kajinta kuwa sun samu gidan bene, kowace ta zaɓi hawan da take kwana.

Duk da tsohuwar roba aka yi su. Fasasshen bokiti, jarkar da ta huje, murfin kwalba, kujerar da ta karye ƙafa. Yaya da matan da ke aiki da ita sukan wanke, su ware, su zuba a injin da ke rumfar bayan gida. Injin ya niƙe, ya narkar, ya fito da dogayen alluna masu kauri kamar katako, sai a yanka a ɗaure da kusoshi. Bencin yakan fito da ɗigo-ɗigon launi iri-iri. Ruwa ba ya cin sa, gara kuwa sai dai ta kalla ta wuce. Don 'yan makaranta ta yi su, kowane yana ɗaukar mutum uku.

Rediyo ne ya jefa ta cikin wannan sana'a. Gwamnatin jiharmu ta yi shela cewa duk mai iya mayar da shara ta zama kaya ya fito, za a nema masa kasuwa. Yaya ba ta jin magana ta kwana a kanta. Ta sayar da kekunan ɗinkinta, ta kawo inji. Benci ya samu, kasuwar ce ba ta zo ba.

Ni kuwa, ƙanwarta Auta, ni ce abin tausayi a labarin, don ni ce sakatariyar kwamitin da aka ɗora wa nemo kasuwar.

Hukumomi uku aka raba wa aikin. Hukumar Muhalli ita ke tattara roba, ita ke kuma tabbatar da cewa abin da aka sarrafa ba ya cutarwa. Daraktanta Dogo ne, mutumin da sai ya sunkuya yake shiga ofishinsa, kuma hancinsa na jin warin hayaƙi tun daga unguwar gaba. Ma'aikatar Kasuwanci ita ke yi wa kaya rajista ta haɗa su da masu saye. Daraktarta muna kiranta Hajiya Rangwame a bayan idonta, saboda ko gaishe ta ka yi sai ta nemi ragi. Sai Ma'aikatar Ilimi, babbar mai saye, wadda ke da makarantun da yara ke zama a ƙasa. Mai kula da sayayyarta shi ne Malam Ƙa'ida. Wannan bawan Allah ko ruwa zai sha, ina jin sai ya tuna sashen da ya ba shi izini.

Kada a ce na yi musu ƙazafi, dukkansu masu aiki ne. Dogo ya tara roba himili guda a bayan gari. Hajiya ta san kowane ɗan kasuwa da sunan kakansa. Malam Ƙa'ida bai taɓa karɓar ko biro daga hannun ɗan kwangila ba. Inda gizo ke saƙar shi ne, dokar sayayya ta ce bencin makaranta na katako ne ko na ƙarfe. Malam Ƙa'ida ya ce ba zai ƙara roba a ciki ba sai Muhalli ta tabbatar ba ta cutar da yara. Dogo ya ce shi ba ya gwada kayan da ba su da rajista. Hajiya ta ce ba ta yi wa kaya rajista sai ta ga mai saye da idonta. Kowa yana da gaskiyarsa, kuma kowa yana jiran na gaba.

Zama ɗaya ya isa ya warware wannan ƙulli, in da za su zauna. To amma a ofisoshinmu akwai wata al'ada da ba a rubuta ta ko'ina ba, kuma ta fi duk abin da aka rubuta ƙarfi: mai masauki shi ke shugabantar taro. Duk wanda ya taka zuwa ofishin wani ya zama baƙo. Zai zauna a gefe, sai an ba shi dama ya yi magana, in an yi sanarwa kuma sunan hukumarsa a ƙasa zai zo. Saboda haka in na kira taro a Muhalli, sai Dogo ya hakimce a kujera, sauran biyun su turo wakilai. In na kira a Kasuwanci, Hajiya ta sha ado ta zauna, sauran su turo wakilai. Wakilan nan kuwa ba su da ikon cewa ko uffan. Su sha shayi, su cinye biskit, su ce za su isar da saƙo.

Na kawo shawarar a riƙa yin karɓa-karɓa. Duka suka yaba, suka ce yarinyar nan tana da kai. Sai aka tsaya a kan wa zai fara. Na ce to a kama ɗakin taro a otal. Malam Ƙa'ida ya gyara tabarau ya ce, “Wanda ya kama ɗakin ai shi ne mai masauki.” Ranar na koma ofis na rufe ƙofa na yi ta jan tsaki ni kaɗai.

Wata Asabar da yamma na je gidan Yaya. Na karkace na shiga kamar kullum, sai na ji gidan tsit. Babu ƙarar inji, babu hirar mata a bakin famfo. Na leƙa rumfa na ga an lulluɓe injin da tamfol, an danne gefensa da bulo. Yaya na zaune a kan wani benci tana tsinke zare daga bakin zaninta.

“Yaya, ina matan?”

“Na sallame su. Su zo su yi me? In mun yi sabo a kaina zan ɗora?”

“Ki ƙara haƙuri, ana nan ana ƙoƙari.”

Ta ɗago ta dube ni. “Auta, ni na goya ki, na san fuskarki in kina faɗin abin da ke kanki ba ki yarda da shi ba. Na kira ɗan gwangwan. Ranar Laraba zai zo ya kwance injin ya auna.”

Ɗan gwangwan shi ne mai sayen tsofaffin ƙarafa. Injin da ta sayar da kekunanta ta kawo, shi za a ɗora a sikeli kamar ruɓaɓɓen kwano. Ban taɓa son injin nan ba, ƙararsa ta sha hana mu hira, amma ganin sa a lulluɓe ya sa ni ƙwalla.

“Kada ki yi min kuka a nan,” in ji ta. “Ki je ki yi wa manyanki. Ki gaya musu na gode, na ga kasuwa.”

Mijinta ya leƙo ta tsakanin benci biyu ya ce, “Auta, ko guda goma ku ɗauka ku kai ofis mana, in samu in ga ƙofar ɗakina.”

Babu wanda ya yi dariya, har shi.

Ranar Litinin na kai wa Dogo takardar kiran wani taron da na san ba za a yi ba. Na same shi a tsaye yana sanye da rigar nan mai sheƙi da hular kwano, yana gyara igiyarta a gaban madubi, baki har kunne. Zai fita ziyarar gani da ido wata masana'antar sabulu. Na tsaya ina kallon sa. Mutumin da ba ya iya taka matakala biyu zuwa ofishin Hajiya, ga shi zai ƙetare gari yana murna.

A nan abin ya faɗo min. Manyanmu ba sa son zuwa taro, amma suna mutuwar son ziyarar gani da ido. Wanda ya je duba wuri ba baƙo ba ne. Da ikonsa yake shiga, hannu a baya, ana bin sa ana bayani.

Na ce, “Ranka ya daɗe, akwai wani wuri da ake narka roba a cikin unguwa. Ban sani ba ko hukumarka ta taɓa leƙawa.”

Hancinsa ya motsa. “A cikin unguwa? Tsakiyar mutane? Na wane ne?”

“Na yayata ne, ranka ya daɗe.”

Ya dube ni daga can sama. “Kin san in na samu laifi rufewa zan yi? Ba ruwana da 'yan'uwantaka.”

“Na sani. Sai dai in za ka je, ka je kafin azahar ɗin Laraba. Bayan nan ba za ka samu injin ba.”

Ya ce Laraba da hantsi, kuma a gaya wa mai ɗaukar hoto ya shirya.

Daga nan na wuce Kasuwanci. Na miƙa wa Hajiya takardarta, na tsaya ina gyara mayafi kamar mai shirin tafiya, sannan na ce, “Ashe Muhalli za su je masana'antar bencin roba jibi. Har da mai hoto.”

Ta ajiye kofin shayinta. “Masana'anta? Tun yaushe masana'anta ta zama ta masu kwashe shara? Ke, ina wurin yake?”

Malam Ƙa'ida ya fi su sauƙi. Na ce masa hukumomi biyu za su je duba bencin 'yan makaranta, kuma babu kowa daga Ilimi. Ya jawo aljihun tebur, ya ɗauko tef ɗin awo ya sa a aljihu.

Ban yi wa kowa ƙarya ba, Allah shaida. Amma da na gaya wa Yaya, ta kusa cinye ni ɗanya.

“Wato bai ishe ki ba sun hana ni kasuwa, sai kin kawo min masu rufe wuri? Auta, anya ƙalau kike?”

“Yaya, ai kin ce sayarwa za ki yi. Wurin da za a kwance, me rufewa za ta rage masa?”

Can ta ce, “Sai a kira matan su zo su share. Ba za a zo a same ni cikin ƙazanta ba.”

Ranar Laraba motoci uku suka shigo layin kusan a tare, kowace ta ƙi ba 'yar'uwarta hanya. Da daraktocin suka fito suka ga juna, sai kowa ya ɗaure fuska. Aka gaisa sama-sama. Ƙofar gidan ba ta ɗaukar mutum biyu saboda benci, don haka dole aka shiga ɗaya bayan ɗaya a karkace. Dogo ya sunkuya kuma ya karkace, hular kwanonsa ta bugi benci, wata kaza ta tashi daga hawa na uku ta bi ta kan Hajiya. Mai hoto ya ɗauka. Hajiya ta ce in ta ga hoton nan a wani wuri sai ya bar aiki.

Kowa ya kama abin da ya kawo shi. Dogo ya sa aka yaye tamfol, ya zagaya injin, ya leƙa bututun hayaƙi, ya shinshina allo, ya kankare shi da makulli ya sake shinshinawa.

“Wace irin roba kike zubawa?”

“Mai kauri, ranka ya daɗe. Bokiti, jarka, murfi.”

“Bututun ruwa fa? Da tsohuwar wayar wuta?”

“Ba na sa su. Warinsu ba daɗi.”

“Kin tsira. Su ne masu guba.” Ya nuna sama. “Amma wannan bututun hayaƙin ya yi gajere, a hancin maƙwabta yake sauka. Kuma matan nan ba su da abin rufe hanci. Haka ake aiki?”

Yaya ta sunkuyar da kai. Ban taɓa ganin wani ya yi mata faɗa ta yi shiru ba. Gaskiya ya faɗa, ita ma ta sani. Na ce a raina shi ke nan, na jawo mata rufewa a gaban ma'aikatanta.

Hajiya kuwa tana can tana shafa benci tana ƙwanƙwasawa. “Wannan ai ba makaranta kaɗai ba,” take faɗa wa kanta. “Asibiti na so. Tasha na so. Masu gidan abinci ma.” Sai ta juyo, “Baiwar Allah, nawa kike sayarwa?” Yaya ta faɗa. Hajiya ta ce, “Kai! Rage dai.” Ba saye za ta yi ba, bakinta ne ya saba.

Malam Ƙa'ida ya sa aka sauko da benci ɗaya aka ajiye a ɗan filin da ya rage a tsakar gida. Ya auna tsawo, ya auna faɗi, ya auna daga ƙasa zuwa mazauni. Ya girgiza shi. Sannan ya ce, “Saura gwajin nauyi. Bencin yara uku da manya uku ake gwada shi.”

Ya juya zai kira direbobi, sai ya tarar Hajiya ta riga ta zauna a gefe ɗaya. Takalminta mai tsini ne, ta daɗe a tsaye, ga rana. Ta ciro mafici daga jaka tana fifita.

Na dubi Dogo, na ga abin da na san zai faru. A duniyarmu, darakta ba ya tsayuwa alhali wani darakta na zaune, sai ka ce mai kawo rahoto. Ya yi gyaran murya, ya taka, ya zauna a ɗaya gefen, gwiwoyinsa sun kusa kai masa haɓa. Malam Ƙa'ida ya dubi wannan, ya dubi waccan, ya ce, “Nauyin tsakiya shi ne muhimmi.” Hajiya ta ajiye jakarta a gefenta ta yi iyaka, shi kuma ya zauna a tsakiya.

“A ɗan motsa,” in ji shi.

Daraktoci uku na gwamnatin jiha suka shiga rausaya a kan benci, dama da hagu, fuska a ɗaure. Matan Yaya suka tura mayafi a baki. Bencin ko ƙara bai yi ba.

Na fito gabansu. Na ce, “Ranku ya daɗe, ku gafarce ni. Ga Muhalli, ga Ilimi, ga Kasuwanci, ga kuma sakatariya. Tun da aka kafa kwamitin nan bai taɓa cika ba sai yau.”

Suka daina rausaya.

Hajiya ta ce, “Yarinyar nan, ke ce kika haɗa wannan abin?”

“Ziyara kowa ya zo, ranki ya daɗe. Ni dai na ga an cika ne.”

Dogo ya ce, “To in ma taro ne, ni na fara sa ranar zuwa nan. Ni zan shugabanta.”

“A masana'anta?” in ji Hajiya. “Sai dai in bayan raina.”

Suka juya ga Malam Ƙa'ida, kowa na jiran ya goyi bayansa. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Na ga yana kokawa da kansa, amma mutumin nan ba ya iya ganin ƙa'ida a ƙasa ya tsallake ta.

“Mai masauki shi ke shugabantar taro,” in ji shi a hankali. “Haka muka gada. Nan kuwa ba ofishin kowa ba ne a cikinmu.” Ya nuna Yaya. “Gidan wannan baiwar Allah ne.”

Yaya na tsaye da safar roba a hannu, tsintsiya a hammata. Ta waiga bayanta ta ga ko da wani ake.

Dogo ne ya fara fashewa da dariya, irin wadda ke fitowa daga ciki, har bencin na girgiza. Hajiya ta yi ƙoƙarin riƙe tata, ta kasa. Ta ce, “Wallahi na yarda. Gara ita da shi.” Dogo ya ce shi ma gara ita da Hajiya.

Yaya ta matso kusa da ni ta raɗa min, “Me shugaba ke yi?”

“Ki ce an buɗe taro.”

Ta ajiye tsintsiya, ta ɗauko gudumar da ake buga kusa, ta ƙwala a kan wani benci har kaji suka watse. “An buɗe!” Ta jawo jarka ta kifa ta zauna a gabansu. Daga nan sai ta koma Yayar da na sani, wadda ta raba mu faɗa muna yara.

“Ni ban san turancinku ba. Kowa ya faɗi abin da yake jira a wurin ɗan'uwansa. Ga shi nan kusa da kai, ba sai ka aika ba. Malam, fara.”

Malam Ƙa'ida ya juya dama ya ce yana jiran shaidar cewa ba ya cutarwa. Dogo ya ce allon lafiya lau yake a idonsa, zai ɗauki guntu a kai ɗakin gwaji don a tabbatar, amma sai an ɗaga bututu an sayo abin rufe hanci, kuma shi yana jiran rajista. Hajiya ta ce rajista ba ta fi aikin yini ɗaya ba, mai saye take jira. Malam Ƙa'ida ya ce ai ga shi zaune.

Ina jin a lokacin ne kowa ya fara jin yadda maganar take in an faɗe ta a wuri ɗaya.

“To wa zai fara?” in ji Dogo.

Na ce a raina, mun koma gidan jiya. Yaya ta ɗaga guduma ta nuna su. “Da kuka zauna a bencin nan, wa ya ɗauki wani? Ba tare kuka zauna ba? To tare za ku yi. Auta, rubuta cewa duka sun yarda a lokaci guda.”

Malam Ƙa'ida ya yi tunani ya ce, “In a zama ɗaya aka yanke, babu na farko babu na ƙarshe. Ya halatta.”

Ana cikin haka sai aka yi sallama. Ɗan gwangwan ne, ya karkato ya shigo da jakar sifanu a kafaɗa. Ya ga manyan mutane a jere, ya ga Yaya da guduma, ya ja da baya.

“Uwar gida, ko in dawo?”

“Samu wuri ka zauna, taro muke,” in ji Yaya.

Wurin zama dai ba a rasa shi a gidan ba. Ya zauna a kan wani benci yana ta shafa shi, yana leƙa ƙarƙashinsa. Aka ci gaba. Dogo ya ce daga yanzu motarsa za ta riƙa kawo roba wadda aka riga aka ware, tunda ga ta can jibge ba ta da mai ɗauka. Malam Ƙa'ida ya ce da zarar sakamakon gwaji ya fito zai kwashe na gidan nan ya kai makarantun da suka fi buƙata. Hajiya ta ce ita kuma za ta kawo mutanen asibiti da na tasha su gani, kuma akwai wasu masu irin wannan sana'ar a jihar, a nemo su kafin su ma su kira ɗan gwangwan.

Da aka zo kan sunan da za a fara sawa a sanarwa, na ga fuskoki sun fara canzawa. Yaya ta buga guduma ta ce a sa sunan kwamiti kawai, kuma an rufe taro, ita tana da girki.

Ɗan gwangwan ya miƙe. “To uwar gida, injin fa?”

Yaya ta dubi rumfa. Sannan ta ce, “Ka yi haƙuri, na sa ka wahala. Ba na sayarwa ba ne.”

“Ba komai. Amma wannan bencin fa? Ina so a ƙofar shagona, na katakon ruwa ya cinye shi.”

Kafin Yaya ta buɗe baki Hajiya Rangwame ta miƙe ta karɓi cinikin. Ranar na ga abin da ban taɓa gani ba, Hajiya tana ja sama. Mutumin ya ce a rage, ta ce albarka. Ya ɗauki bencinsa a ka ya fita yana cewa bai taɓa zuwa saye ya koma da irin wannan kaya ba.

Ba a rana ɗaya komai ya daidaita ba, gwamnati ce. An ɗaga bututu, an jira sakamako, an yi ta kai da kawowa. Amma wata safiya manyan motoci suka tsaya a layin, aka yi ta fitar da benci har tsakar gidan ta bayyana. Mijin Yaya ya shigo da babur ɗinsa ya zagaya fili sau biyu kamar yaro. Kaji suka yi ta yawo suna neman benensu. Benci ɗaya kawai Yaya ta hana a ɗauka, wanda aka yi gwajin a kansa, don kwamiti ya yanke cewa a gidanta zai riƙa zama. Tana ta mita wai an mayar da ita shugaba ba albashi, ga shayi a wuyanta, amma na lura duk ranar taro sabon mayafi take sawa.

Ranar da za a sake tayar da injin na biya kafin in wuce ofis. Matan sun dawo, kowace da abin rufe hanci, ana gane su ta ido kawai. Yaya ta naɗe tamfol da kanta ta ajiye. Ta yi bisimilla ta danna. Injin ya yi tari, ya yi shiru, ya sake tari, sannan ya kama da wannan ƙarar tasa mai cika kunne. Matan suka ɗauki guɗa.

Yaya ta juyo, idanunta sun cika. Ta faɗi wani abu.

“Me kika ce?” na ɗaga murya.

“Na ce na gode, Auta!”

Na ji ta sarai. Amma tun da aka haife ni Yaya ba ta taɓa ce min haka ba, ita ce kullum ake gode wa. Na kama kunne na matso.

“Ban ji ba, Yaya! Injin ya cika ƙara!”

Ta harare ni, ta ɗauko murfin jarka ta jefe ni da shi. Sannan ta jawo ni ta rungume, ta sa baki a kunnena ta sake faɗa.